Ɗan Jagoran Masu Ido a Kogin Nilu

A garinmu idan an ce ɗan jagora, yaron nan ake nufi mai riƙe wa makaho sanda. Shi ne a gaba, shi ke cewa ga kwata, ga tudu, Baba ɗaga ƙafa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan biya kuɗi a yi mini jagora ina da idona biyu garau ba, sai da na tsinci kaina a tsakiyar ginshiƙan Karnak, a garin Luksor na ƙasar Masar. Ginshiƙai ne 134, sha biyun da ke tsakiya kowanne ya kai mita 20 har da ɗoriya, kuma daga gindi har ƙoli an sassaƙe su da tsuntsaye da macizai da idanu da mutane masu kan dabba. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Da za a tambaye ni abin da na gani, iyakata in ce duwatsu, manya-manya.

Ni da Kawu muka yi tafiyar, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin makaranta mai fama da ciwon gwiwa, wanda ya daɗe yana cewa kafin ƙasa ta rufe masa ido yana so ya ga kufan Fir'auna. Muka shiga irin jiragen nan da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Luksor zuwa Aswan a kan Kogin Nilu. Kwana huɗu ake yi, a tazarar da ta ɗan haura kilomita 200, wadda jirgin ƙasa ke cinyewa cikin awa uku ko huɗu. Jirgin dai otal ne aka ɗora a kan ruwa, hawa huɗu ko biyar, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da wurin iyo a saman rufi. A kwana a ciki, da safe a sauka a ga wani tsohon gini, a dawo a ci abinci yana tafiya. Sana'ar ba ta yau ba ce. Tun 1869 Baturen Ingila Thomas Cook ya fara kwaso mutanensa yana yawo da su a wannan kogi cikin jirage masu tururi.

Kafin mu tashi na karanta abin da waɗanda suka riga mu zuwa suka rubuta. Rabin zancensu a kan laushin katifa ne, da yawan nama a abincin dare, da tawul ɗin da masu gyaran ɗaki ke naɗewa ya zama kada ko agwagwa a kan gado. Ba laifi, wanda ya biya yana da haƙƙin ya yabi katifa. Sai dai jiragen nan kamarsu ɗaya, kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Na sani ne don a bakin gaɓa jere su ake yi gefe da gefe, wani lokaci har biyar, sai ka ratsa ta cikin huɗu kafin ka isa naka, don haka na leƙa cikin da dama. Wuraren da suke tsayawa ɗaya ne, kusan a sa'a ɗaya ma suke isa. Abin da ke raba wanda ya dawo gida da labari da wanda ya dawo da hotuna zalla mutum guda ne, wanda Misirawa ke kira murshid.

Namu ɗan Sa'id ne, wato kudancin Masar, mutumin yammacin kogi, ya doshi hamsin, da hular hana-salla da katin izini rataye a wuya. Ba kowa ke samun katin nan ba. Ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi ce ke bayarwa, ga ɗan ƙasa kaɗai, kuma akasarinsu sun yi jami'a sun karanci tarihin ƙasar da wani harshen waje. To amma na ga masu katin da yawa a kwana huɗun nan, kuma kati daban, iya aiki daban.

Karatunsa na farko mu ne, ba bango ba. A daren da muka shiga ya tara mu goma sha huɗu, ya bi kowa da tambaya: daga ina, me ake yi a gida, an taɓa zuwa Masar? Na ɗauka gaisuwa ce. Ashe lissafi yake yi. Ya gano akwai ma'aikaciyar jinya daga Indiya, akwai tsohon injiniya Bature da matarsa, akwai wasu matasa da ba abin da ya dame su sai hoto. Ya kuma riga ya ga yadda Kawu ya hau matakala yana dafa ƙarfe, bai ce komai ba. Kawu ya gaishe shi da Larabcin littafi, irin wanda aka koya a zaure, mai cike da wasulla har ƙarshen kalma, wanda kan sa Misirawa murmushi don su a huɗuba da labaran rediyo suke jin sa. Mutumin nan bai yi dariya ba. Ya mayar masa da irinsa, daga ranar kuma bai ƙara kiransa da komai ba sai ya Hajj.

Da safe a Karnak na fara ganin amfanin lissafin. Tarihin sarakunan Masar ya kusa shekara dubu uku, gidajen sarauta talatin, kuma na ji wani murshid a gefenmu yana zubo wa mutanensa sunaye da shekaru kamar mai hadda, su kuwa idanunsu sun yi nisa, wata tana fifita da takarda. Namu ya ja mu inuwar wani ginshiƙi, shi ya tsaya a rana yana fuskantarmu. Wannan ma dabara ce da sai daga baya na lura da ita: ko'ina muka tsaya, mu a inuwa, shi a rana, abin kallon kuma a bayansa, yadda idonka zai faɗa kai ba sai ka waiwaya ba. Ya ce yau abu ɗaya zai koya mana. Ya nuna wani zane mai siffar ƙwai da aka miƙar, kamar igiya aka kewaya aka ƙulle a gindi. Duk inda ka ga wannan, sunan sarki ne a ciki. Sai ya sa yatsa kusa da guda, ba tare da ya taɓa ba: faifan rana a sama, sanda mai kan dila, mace a zaune da gashin jimina a kanta. Wannan sunan sarautar Ramsis na Biyu ne, wanda ya yi shekara 66 a kan gado, ya cika ƙasar da gine-gine, har gumakan magabatansa yakan sa a kankare sunansu a rubuta nasa.

Shi ke nan. Ya sake mu minti goma, ya ce kowa ya nemo masa guda biyar. Sai ga dattawa masu jikoki suna zagaye ginshiƙai suna kiran juna kamar 'yan firamare, ga shi nan, ga wani can. Kawu ya samo tara. Ni da na shigo ban ga komai ba sai duwatsu, na fita na san mutum ɗaya a cikin taron, kuma duk wanda ya taɓa sauka garin da bai san kowa ba ya san darajar fuska ɗaya da ka sani. Abin da ya bari bai faɗa ba ya ninka abin da ya faɗa sau ɗari, kuma a ganina nan gwanintar take. Malamin da ya san abu yana shan wuyar yin shiru a kansa.

Sai lokaci, wanda shi ne babban abokin kokawarsa. Rana tana gefe guda, don a Luksor da bazara zafi yakan wuce digiri 40, ko da hunturu ma tsakar rana a cikin duwatsu ba wasa ba ce. Motocin sauran baƙi suna gefe guda, wasu tun daga bakin Bahar Maliya suke tasowa da asuba. Jirgi kuma yana da sa'ar tashi, ba ya jiran kowa. Saboda haka ƙarfe biyar ya buga mana ƙofa ranar Kwarin Sarakuna, muna gunaguni. Da muka fito daga kabari na biyu muka ga jama'a suna tuɗaɗowa kamar an tashi daga Idi, gunagunin ya mutu.

Kwarin nan ne ya fi gwada murshid, domin an hana su yin bayani a cikin kaburburan. Tsayuwar taro da numfashinsu na lalata fentin da ya shekara dubu uku, ga cunkoso. Don haka dole ya zuba maka ido a waje, ka shiga da shi kai kaɗai. Akwai kaburbura sama da 60, ba duka ake buɗewa a lokaci guda ba, tikiti kuma na kaburbura uku ne kawai, na Tutankhamun da Howard Carter ya gano a 1922 kuɗinsa daban. Ya zaunar da mu a rumfa, ya fito da hotuna da aka lulluɓe da leda, gefensu duk ya cinye don yawan riƙo. Ya ce idan kun kai ɗakin ƙarshe kada ku tsaya kallon akwatin dutse kamar kowa, ku ɗaga kai. Za ku ga mace ta miƙe daga wannan bango zuwa wancan, a wurinsu ita ce sama, tana haɗiye rana da yamma ta haife ta da safe. Sannan ya raba mu. Matasa ya tura su kabarin Merneptah, mai dogon gangare da ke sa cinya rawa a dawowa. Shi kuwa Kawu, murshid ya ce masa ya shiga na Ramsis na Huɗu, kusa da ƙofa, gajere, mai faɗi, kusan a miƙe yake, launinsa kuma kamar jiya aka shafa. Bai ambaci gwiwa ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi wannan ne ya dace da malami, don a bakin ƙofarsa akwai rubuce-rubucen Kiristocin Ƙibɗawa da suka zauna a ciki daga baya.

A rumfar nan ne kuma ya ba mu labarin da ya fi zauna mini. Ma'aikatan da suka haƙa kaburburan a wani ƙauye suke zaune bayan tsaunin, wanda yanzu ake kira Dair al-Madina, kuma da hatsi ake biyansu. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku albashi ya makara, suka ajiye kayan aiki, suka je suka zauna a bayan wuraren bautar sarakuna suka ce yunwa suke ji. An rubuta abin a takardar gamba, tana nan har yau a birnin Turin na Italiya, kuma shi ne yajin aiki mafi tsufa da aka samu a rubuce. Kawu, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana jiran albashin ƙaramar hukuma, ya yi dariya har da tari.

Tambayar da ke cikinsa tun daga gida da yamma ya fito da ita, muna saman jirgi ana shan shayi.

"Ya ustaz, duk a cikin waɗannan wanne ne na Annabi Musa?"

Na tabbata ya sha wannan tambaya daga bakin Musulmi da Kirista da Bayahude, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya ambaci suna guda a wuce wurin. Bai yi haka ba. Ya ce ya Hajj, babu bangon da ya faɗa. Wasu masana sun karkata ga Ramsis na Biyu, wasu ga ɗansa Merneptah, wasu ga waɗanda suka gabace su, gawarwakin biyun farko kuma suna gidan tarihi na Fusɗaɗ a Alƙahira, inda aka mayar da su a 2021, mai so ya je ya gani da idonsa. Sannan ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba, cewa kalmar Fir'auna a harshensu asalinta babban gida take nufi, kafin ta koma laƙabin mai gidan. Kawu ya ce to ai kamar mu ce fada ta ce ke nan. Sarakuna fiye da ɗari suka mulki ƙasar, in ji shi, akwai azzalumi, akwai yaro, akwai mace irin Hatshepsut da ta aika jiragen fatauci ƙasar Punt suka dawo da turare da itatuwansa. Kawu ya jima yana juya kofinsa. A wurinmu Fir'auna mutum ɗaya ne, kuma zagi ne.

Bayan magariba murshid ya kai mu haikalin Luksor, a tsakiyar gari. A gaban ƙofar akwai dogon dutse mai tsini da Larabawa ke kira misalla, wato basilla. Da biyu ne, ɗan'uwan yana tsaye a wani dandali a birnin Paris tun 1836. Da muka shiga farfajiyar ya ce mu dubi hagu, sama. Sai ga ƙofa a maƙale a bango can sama da kanmu, ba matakala, ba komai a ƙarƙashinta. Tsohuwar ƙofar masallacin Shaihu Abul Hajjaj ce, waliyyin garin da ya rayu a ƙarni na 13. Lokacin da aka gina masallacin ƙasa ta binne haikalin har wuya, don haka ƙofar a daidai titi take. Da aka yashe ƙasar, aka bar masallacin a kan ginshiƙan Ramsis, ana salla a ciki har gobe. Duk shekara a watan Sha'aban, wajen maulidin Shaihun, mutanen gari sukan ɗora jiragen ruwa a kan amalanke su zaga da su, masana da dama kuma suna ganin abin ya yi kama da bikin da ake yi a wannan hanya tun zamanin sarakuna, na ɗauko jiragen gumaka daga Karnak. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon fuskar Kawu. Da aka kira isha ya ba sauran rabin sa'a na hoto, mu kuma ya zaga da mu ta ƙofar waje, ya cire takalmi, muka bi sahu tare.

Washegari jirgi ya kama hanyar kudu, wato yana hawan ruwa, domin Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, shi ya sa kudancin ƙasar ake kira Masar ta Sama. Iska kuwa akasari daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu ya buɗe tanti iska ta tura shi, mai zuwa arewa ya naɗe tantin, ruwa ya ɗauke shi. Ya nuna mana cewa har a rubutun mutanen da, alamar tafiya kudu jirgi ne da tanti a buɗe, ta tafiya arewa jirgi ne ba tanti. Ya kuma roƙar mana izini muka leƙa wurin matuƙi, wanda suke kira rayyis, wani dattijo cikin jallabiya da rawani, kofin shayi a gefe. Da hunturu ana rage ruwan da ake saki daga madatsar Aswan, tsibiran yashi su taso, jirgi yakan dafe. Shi da launin ruwa da yadda fuskarsa ke murɗawa yake gane inda zurfi yake, ilimin da ya gada daga ubansa. Wannan sana'a ce mai cin nata rubutun daban.

A Isna ake jira. Akwai madatsa a can, da wani ɗaki na ruwa mai ƙofofin ƙarfe da suke kira hawis: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi zuwa tsayin kogin da ke gaba, a buɗe ya fita. Ana bin layi ne, wani lokaci sa'o'i. Tun kafin mu isa murshid ya gargaɗe mu cewa za a yi ruwan kaya. Haka kuwa aka yi. Samari a ƙananan kwale-kwale suka ɗaure igiya a jikin jirgin yana tafiya, ɗaya na riƙe da filafili, ɗaya a tsaye yana buɗe mayafin tebur da jallabiya yana kwala kira da harsuna biyar. Ka ɗan leƙa kawai, sai ka ji ƙunshin leda ya faɗo gabanka, an wurgo shi daga fuskar ruwa zuwa hawa na huɗu, kuma da wuya su kuskure. A yi ciniki da ihu da yatsu. In an daidaita ka sa kuɗi a leda ka jefa, in ba a daidaita ba ka mayar da kayan, da kyau, cikin kwale-kwale. Abin da ya ce mana shi ne: wanda ba ya so ya ce la, shukran, sau ɗaya, da fara'a, wanda ya buɗe leda ya taya to ya shiga ciniki, kada ya riƙe kayan mutum har ƙofar hawis don wasa, saboda jarinsa ke nan. Matar injiniyan, wadda ta fara da tsoro, ta ƙare da mayafi uku.

A nan ya kamata in faɗi inda sana'ar murshid ke da tabo. Kusan kowane murshid yana da la'ada a shagunan da yake kai baƙi, na tukwanen farin dutse, na turare, na takardar gamba. Wani da muka haɗu da shi daga wani jirgin ya ce mini an ba su minti arba'in a haikalin Hatshepsut, aka ba su sa'a guda da rabi a shago. Namu ma ya kai mu, ba waliyyi ba ne. Amma a cikin mota ya faɗa da bakinsa cewa yana da kaso a duk abin da muka saya, minti ashirin za mu yi, wanda ba ya so ya zauna ya sha shayi kyauta, kuma ya koya mana ɗaga tukunya a hasken rana don bambance dutsen gaske da na garin da aka kwaɓa. Na saya, na kuma san ya samu, ban ji ciwo ba.

Haka kuma abin da takardun talla ke kira shiga cikin al'adun mutane, yawancinsa wasan kwaikwayo ne. Akwai daren da ake cewa kowa ya sa jallabiya, a yi rawa, a naɗe wani da takardar bayan gida ya zama gawar Fir'auna, a tafa. Ni da Kawu muka ba su wuri. Murshid ya same mu a gaban jirgi, ya ja kujera. Washegari da la'asar ma nan ya dawo, yana nuna mana gaɓa da haɓa: ga rake, wanda ake kai wa masana'antar sukari ta Kom Ombo, ga ayaba, ga dabino, ga yaro yana dukan ruwa da sanda don ya koro kifi cikin raga, ga gida an zana Ka'aba da jirgin sama a bangonsa, alamar mai gidan ya sauke farali. Koren da ke bakin kogin a wasu wuraren bai fi ka jefa dutse ba, bayansa sai hamada tsirara. Ya tambayi Kawu sunan abubuwa a harshenmu, ya rubuta a ɗan littafinsa. Karkade da suke ba baƙo da zarar ya shigo zoɓo ne. Mulukhiyya da suke alfahari da ita lalo ne. Dum kuwa goruba ce, jiƙa ta suke yi su sha, har a kabarin Tutankhamun an sami kwandunanta. Kawu ya ce ashe Fir'auna ma ya san daɗin goruba.

Idfu da sassafe aka yi ta, a keken doki daga bakin ruwa. Murshid ya duba dawakan kafin ya zaɓa, ya tsallake masu haƙarƙari a waje da gyambo a baya, ya sa kowa ya riƙe lambar kekensa don dawowa. Haikalin can shi ne mafi cika a duk ƙasar, har rufinsa yana nan, an fara shi a shekara ta 237 kafin Miladiyya aka gama a ta 57, zamanin sarakuna 'yan asalin Girka. Yashi ne ya adana shi, har mutane sun yi gidaje a kan rufinsa kafin a tone shi a wajajen 1860. A Kom Ombo kuma ya kira ma'aikaciyar jinyar nan gaban wani bango da aka zana kayan aikin likita, ya yi shiru, ya bar ta ta riƙa gano almakashi da ƙugiya da ma'auni da kanta tana gaya mana. Shi kuwa injiniyan, murshid ya kai shi bakin rijiyar da ake auna cikar kogi da ita, wadda da ita hukuma ke yanke harajin shekara: ruwa ya cika, amfani zai yi, haraji ya hau. Duk tambayoyin daren farko a nan suka biya.

Daga nan ya nuna gabas, ya ce can bayan gonakin rake akwai ƙauyukan Nubawa da aka taso a 1963 da 1964, mutum wajen 50,000, lokacin da ake gina babbar madatsar Aswan, wadda tafkinta ya shanye garuruwansu. Sabbin ƙauyukan sunayen tsofaffin suke amsawa, amma nesa da kogi. Bai ƙara ba. Sai da muka isa Aswan, muka shiga ƙaramin jirgi zuwa wani ƙauyen Nubawa mai gidaje shuɗi da rawaya, ya gabatar da mai jirgin, ya ce wannan labarinsu ne, su za su ba ku, ya koma can baya ya zauna. Mutumin ya yi mana zancen dangin mahaifiyarsa da aka kwashe, da dabinon da aka bari a tsaye ruwa ya rufe. A gidan da muka sauka an shimfiɗa yashi a tsakar gida, rufin ɗakuna na tubalin laka ne a lanƙwashe, ana yi wa mata lalle. Suna kuma ajiye kada a ramin siminti don baƙi su ɗauki hoto, abin da bai burge ni ba, da na faɗa wa murshid kuma ya ce shi ma haka, amma ba shi ke ciyar da gidan ba.

A tsibirin da aka mayar da haikalin Fila, bayan an kwance shi dutse-dutse an tsamo shi daga ruwa, aikin da aka kammala a 1980, ya nuna mana abu biyu kacal: gicciyen da Kiristoci suka sassaƙa a jikin ginshiƙai da suka mai da wurin coci, da wani ɗan rubutu a jikin wata ƙofa, na shekara ta 394, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani an yi da tsohon rubutun. Bayansa aka yi shekara fiye da 1,400 ba mai iya karanta bangon nan, har sai da Bafaranshe Champollion ya kwance ƙullin a 1822. Sannan ya duba agogo, ya ce saura minti arba'in, ba zai ƙara magana ba, kowa ya nemi inda zai zauna.

Ranar ƙarshe ƙarfe huɗu na asuba muka hau mota zuwa Abu Simbel, kilomita wajen 280 kudu da Aswan, kusa da iyakar Sudan. Na so Kawu ya huta, ya ce ko a kan jaki ne sai ya je. Gumaka huɗu a zaune, kowanne kimanin mita 20, ɗaya ya karye tun zamanin da, kansa na nan a ƙasa. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanka dutsen gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 don kada tafki ya cinye, aka kuma ajiye karyayyen kan a gaban ƙafafunsa yadda aka same shi. A nan ma an hana murshid bayani a ciki. Ya yi mana nasa a waje da hotunan ledarsa, ya ambata cewa ɗaya daga sunayen da suka buɗe wa Champollion ido daga bangon nan aka kwafo shi, ya ce mu shiga, yana nan gindin bishiya.

Cikin akwai duhu-duhu da ɗumi da warin tsohon dutse. Ina riƙe da hannun Kawu, muna tafiya a hankali tsakanin gumaka takwas da ke tsaye jikin ginshiƙai. Sai ya tsaya cak, ya zare hannunsa daga nawa, ya ɗaga sandarsa sama yana nuni.

"Kai, duba can. Rana, kan dila, mai gashin jimina. Mutumin nan ne dai."

Wasu Turawa biyu da ba 'yan ayarinmu ba suka matso suna duban inda sandar ta nufa. Kawu ya gyara tsayuwa, ya gyara murya irin ta gaban allo, ya fara yi musu bayani.